Darasi na 9: Tattara Naman Kaza Mai Ɗoyi da Sa Shi a Taswira

Naman kaza mai ɗoyi ba ya jiran kowa. Yakan fito da asuba bayan ruwan dare, kafin azahar ƙudaje sun lashe kansa tas, bayan kwana ɗaya ko biyu ya kwanta ya ruɓe. Da wuya malamin jami'a da ke zaune a Yamai ya iske shi a tsaye, ko da an buga masa waya tun da sassafe. Wanda ke wurin a wannan sa'a shi ne manomin da ya fito da hauya, da matar da ta je itace, da yaron da ya kora awaki. Shi ya sa wannan darasi ya zama namu, mu mutanen Sarkin Hausa da sauran garuruwan Mayahi da Tasawa. Da ɗan gari akan ci gari. Amma fa abin da ɗan gari ya gani ba ya shiga littafin kimiyya sai ya zo da abu uku a haɗe: samfurin abin, wurin da aka same shi, da ranar da aka same shi. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun sun zama labari kawai.

Wane irin abu ne?

Naman kaza, wanda waɗansu ke kira laimar kwaɗi, ba tsiro ba ne, ko da yake daga ƙasa yake fitowa. Ba shi da koren ganye, ba ya haɗa abincinsa da hasken rana kamar yadda hatsi da wake suke yi. Danginsa su ne funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, da yis ɗin da mai burodi ke sa wa ƙullu. Ainihin jikinsa fararen zaruruwa ne da ke ratsa ƙasa da ruɓaɓɓen itace, suna cin matattun saiwoyi da kara da ganye, suna mai da su taki. Abin da muke gani a sarari ɗan da ya haifa ne don yaɗa iri. Saboda haka cire ɗaya ko biyu ba ya kashe shi.

Yawancin irin naman kaza iska ce ke kwashe musu iri. Mai ɗoyi shi ƙudaje yake sa wa aiki. Yana farawa a ƙarƙashin ƙasa a matsayin fari ko ja-ja-jan ƙwai mai taushi, girmansa kamar ƙwan zabo, da wani farin zare a gindinsa. Idan aka raba ƙwan biyu daga sama zuwa ƙasa da reza, za a ga fata siririya daga waje, sai wani kauri mai yauƙi da santsi, sai wani baƙi-baƙin kore a ciki, sai farar cibiya a tsaka. Komai ya riga ya ginu a ciki, a matse yake kawai. Da ya sha ruwa ya ƙoshi sai fatar ta tsage, kara ya miƙe cikin sa'o'i kaɗan, wani lokaci har ya kai taƙi guda. Karan ba shi da nauyi, cikinsa rami ne, jikinsa duk ƙananan huji. A kansa akwai wannan baƙin koren, wanda yanzu ya narke ya zama yauƙi mai warin mushe. Warin daga sinadaran farar wuta yake fitowa, irin waɗanda ruɓaɓɓen nama ke fitarwa. Ƙudaje su taso, su lasa, su tashi da iri a ƙafafunsu da cikinsu, su je su zubar a wani wuri. Ƙwayar irin nan tsawonta bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba, sai da madubin kimiyya ake ganinta.

Akwai wani da ake yawan gani a jigawa da gefen gonaki wanda ke iya ruɗar mai koyo. Masana na kiransa Podaxis pistillaris. Shi karansa ƙaƙƙarfa ne, kansa dogo ne busasshe, in aka murza sai baƙin gari ya zubo, kuma yana iya tsayawa makonni bayan damina. Ba shi da yauƙi, ba shi da ɗoyi, ƙudaje ba su damu da shi ba. Shi ma abin tattarawa ne, sai dai kada a haɗa su a suna ɗaya.

Abin da aka riga aka sani, da inda taswira ta yi fari

Tun a 1564 wani likita a ƙasar Holan mai suna Hadrianus Junius ya rubuta ɗan littafi a kan wani mai ɗoyi da ke fitowa a tuddan rairayi na bakin teku. A 1753 Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya raɗa wa na dazuzzukan Turai suna Phallus impudicus. A 1798 Bafaranshe Ventenat ya bayyana wanda ke sanye da farar raga daga wuya zuwa ƙasa, Phallus indusiatus, daga Suriname. Wannan ana samunsa a ƙasashen Afirka masu ruwa, mutanen Sin kuwa nomansa suke yi suna ci. Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na Delile, masanin tsirrai da ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar. A 1813 ya bayyana wani mai launin ja-ja wanda yau ake kira Itajahya rosea, kuma shi ɗan ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa ne. Wato kada wani ya ce rairayinmu ya yi bushewa da yawa ga irin wannan halitta.

A Afirka ta Yamma, Bature D. M. Dring ya wallafa bincike a 1964 a kan wannan dangi da makusantansu, B. A. Oso kuma ya yi rubutu a 1976 a kan wani mai launin ruwan goro daga ƙasar Yarbawa. A nan Nijar, aikin tattara naman kaza ya fi ƙarfi a kudu maso yamma, wajen Yamai da gandun dajin W. A can ne Oumarou Hama da abokan aikinsa na Nijar da Burkina Faso da Turai suka yi ta bin daji, har a 2010 suka sanar da duniya wani sabon iri, Agaricus subsaharianus. Ku lura da wannan sosai: sabo ne ga littattafai, amma mutanen karkara a Nijar da Burkina Faso da Tanzaniya sun daɗe suna dafa shi suna ci. Ilimin yana wurin mutane tun tuni, samfur da rubutu ne suka rage.

Rahoton da lambun bincike na Kew a Ingila ya fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa irin funfuna da naman kaza a duniya sun kai miliyan 2.5, amma waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce 155,000 ba. Idan ka duba taswirar wuraren da aka samo samfura, Turai baƙi ƙirin take da ɗigo, yankin Sahel kuwa kusan fari fat. Ba don babu komai a nan ba ne. Masu tattarawa ne suka yi kaɗan.

Kuma muna da dalilinmu na kanmu. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, suna barin gawo da kalgo da sabara su tashi a gona, har aka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a ƙasar nan, galibi a Maraɗi da Damagaram. Inda itace ya dawo, ganye da saiwa da inuwa sun dawo, su ne kuwa abincin naman kaza. Taswirar da aka yi ta cikawa shekara bayan shekara za ta iya nuna ko rayuwar cikin ƙasa ita ma tana dawowa. Aikin bincike kuwa ba baƙonmu ba ne: manoman ƙungiyar FUMA Gaskiya sun saba da gwajin iri da taki a gonakinsu tare da malaman cibiyar binciken noma ta INRAN, suna aunawa suna rubutawa.

Fita nema

Ruwan shekara a yankinmu ya fi zama tsakanin milimita 300 da 600, kusan duka daga Yuni zuwa Satumba. Lokacin nema shi ne Agusta da farkon Satumba, da sassafe, kwana ɗaya zuwa uku bayan ruwa mai ƙarfi. A duba gindin kututturen da ya ruɓe, da tsohuwar makiyaya, da inda aka jibge kara da taki, da cikin lambu, da inuwar goruba a kwarin Gulbin Kaba, inda ƙasa ke riƙe laima. Sau da yawa hanci kan riga ido. In ka ji warin mushe, ka duba ba ka ga mushe ba, ga kuma ƙudaje na shawagi kusa da ƙasa, to tsuguna ka duba da kyau.

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙa, tsohuwar jarida ko ambulan, kwando, ma'auni mai santimita, fensir, kaye, da salula in akwai. Fensir ya fi bik, domin tawada na gogewa in ta jiƙe. Kada a sa samfur a leda. Cikin leda yana gumi, kafin ka iso gida ya zama ruwa. Gonar wani kuma ba a shiga a tona sai da izininsa.

Kafin ka taɓa shi, ɗauki hoto a inda yake, da ma'auni a gefensa: ɗaya daga gefe, ɗaya daga sama, ɗaya daga nesa kaɗan don a ga abin da ke kewaye. Launi da wari ba sa tsira daga shanya, don haka a rubuta su nan take. Sa'an nan ka sa wuƙa ka tona daga nesa da gindin, ka ɗago shi duka da ɓawon ƙwan da farin zaren da ke ƙasa. Wannan shi ne inda masu koyo suka fi yin ɓarna, su fizgo kara su bar gindi, alhali launin ɓawon da na zaren suna cikin abin da ke raba wani iri da wani. Yi hankali da kunama da maciji a gindin kututture. Ka ɗan tona kewaye da tsinin wuƙa, sau da yawa akwai ƙwai biyu ko uku da ba su fashe ba. Ɗauki biyu, ka bar sauran.

Ƙwai na farko a raba shi biyu a ɗauki hotonsa. Na biyu a kai shi gida, a binne shi zuwa rabi cikin jiƙaƙƙen rairayi a tsohon kwano, a rufe da guntun gidan sauro, a ajiye a inuwa nesa da ɗaki. In ya ƙosa zai fashe cikin dare ko da asuba, sai ka samu cikakken samfur da yauƙinsa, wanda ƙuda ko ɗaya bai taɓa ba. A cikin yauƙin nan iri yake, shi kuwa masana suka fi buƙata.

Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: ba a ɗanɗana komai. Akwai naman kaza na dangin Amanita da shi ma yake farawa a matsayin farin ƙwai, kuma waɗansunsu na lalata hanta su kashe mutum. In ka raba ƙwai ka ga siffar ƙaramar laima a ciki, babu kaurin yauƙi, to ba mai ɗoyi ba ne. A hana yara wasa da samfura, a wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Shanya

A ranar da aka cire shi ake fara shanya. A tsaga karan biyu a tsaye, a yanka ƙwan falle-falle, a shimfiɗa a kan raga inda iska ke ratsawa ta ƙasa da sama, a rufe da gidan sauro. Masana kan busar da shi a zafin digiri 40 zuwa 45. In rana ta buɗe, ɗuminta da iska sun isa. In hadari ya rufe, a rataye ragar can sama da garwashin da ya daina hayaƙi, inda hannu zai ji ɗumi ba ƙuna ba. Zafi mai yawa yana dafa shi, ya lalata sinadarin gado da ake kira DNA, wanda da shi ake tabbatar da ainihin iri a ɗakin gwaji. Ya bushe idan ya karye ƙaras in an lanƙwasa. Sai a sa shi a ambulan, a sa ambulan a gwangwani ko kwalba mai murfi. Ƙananan ƙunshin tsakuwar tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani suna da amfani a nan, in an fara gasa su a rana.

Lamba da kati

Kowane samfur da lambarsa, kuma lamba ba ta maimaituwa har abada. A sa haruffan farko na sunan mai tattarawa, sai lamba: na farko 1, na biye 2, haka har a tsufa. Lambar nan ce za ta kasance a kaye, da ambulan, da cikin hoto, a rubuce a guntun takarda kusa da samfurin. Ga misalin da aka ƙirƙira don koyo:

HM 7. 19 ga Agusta 2025, ƙarfe 7 na safe. Nijar, jihar Maraɗi, Mayahi, Sarkin Hausa, gonar hatsi gabas da gari. 13.85214 arewa, 7.59630 gabas. Rairayi mai laima, gindin ruɓaɓɓen kututturen gawo. Uku a tsaye, ƙwai biyu. Tsawo santimita 11, kara fari, ɓawo ja-ja, warin mushe mai ƙarfi. An yi ruwa shekaranjiya.

A ƙara da sunan da mutanen gari ke kiransa, da abin da tsofaffi da masu magani da Fulani makiyaya suka ce a kansa. In sunan yana da nauyin faɗa saboda siffar abin, a rubuta shi duk da haka, yadda aka ji shi. Abin da ka gani da idonka ka rubuta shi dabam, abin da aka gaya maka dabam, kada a cakuɗa.

Ɗora shi a taswira

Salula mai GPS ba ta buƙatar kuɗin waya ko rezo don ta nuna inda kake, da taurarin ɗan'adam take magana. Tsaya a fili daidai kan wurin, ka jira minti ɗaya ko biyu har kuskuren da take nunawa ya sauko ƙasa da mita 10, sa'an nan ka kwafe lambobin a kaye. Kada ka dogara ga ajiyar waya kawai, waya na faɗawa rijiya, ana kuma sace ta.

Lamba ta farko nisanka ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, ta biyu nisanka gabas da layin da ya ratsa Greenwich a Landan. A Sarkin Hausa ta farko za ta fara da 13, ta biyu da 7. Digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne. Saboda haka in ka rubuta lambobi uku kacal bayan ɗigo, wanda zai zo nema zai yi ta yawo a fili mai faɗin mita 100 da wani abu. In ka rubuta biyar, ka kai shi dab da kututturen, sai dai ɗan kuskuren da waya ta nuna. A kula kuma da jeri. In aka juya lambobin, 7 ta zo gaba 13 ta koma baya, kwamfuta za ta ɗauke samfurinka daga Mayahi ta dire shi kusa da Ngaundere a Kamaru, kuma wanda ya karanta zai yarda.

Wanda ba shi da waya bai fita daga aikin ba. Ya rubuta sunan gari, da wani abu da ba ya gusawa, kamar rijiyar siminti ko masallacin Juma'a ko makaranta, da shiyya, da yawan taku. "Taku 400 yamma da rijiyar makaranta" ya fi "bayan gari" nesa ba kusa ba. Daga baya mai waya zai iya bin wannan bayani ya ɗauko lambobin.

A aji, za mu zana taswirar garinmu a babbar takarda, da hanyoyi da rijiyoyi da fadama da makiyaya, mu raba ta gida-gida. Inda aka samu a sa cikakken ɗigo da lambar samfur. Inda aka je aka duba ba a samu ba, a sa da'ira marar ciki da kwanan wata. Wannan da'irar mutane kan raina ta, alhali tana da daraja ƙwarai. In babu ita, fari a taswira yana da ma'ana biyu, ko dai babu abin, ko kuwa ba wanda ya je. Kuma in kowa ya duba bakin hanya kawai, abin da za mu samu taswirar hanya ce, ba ta naman kaza ba. A raba gidajen taswira tsakanin ɗalibai, har da na nesa.

Ina samfur zai je?

Gani ya kori ji, shi ya sa ake ajiye samfur inda wani masani zai iya buɗewa ya sake dubawa ko bayan shekara 100. Ma'ajiyar Kew kaɗai na riƙe da busassun samfura sama da miliyan 1.25. Namu za su bi ta hannun malamin aji zuwa ga malaman gona ko ma'aikatan gandun daji, su kai ga masu bincike na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko cibiyar INRAN da ke Tarna. Su ne za su tantance suna, su kuma iya shigar da bayanin a GBIF, rumbun intanet da aka kafa a 2001, inda kowa a duniya ke dubawa kyauta. Sunan mai tattarawa yana tafiya tare da samfurinsa, kuma haƙƙinku ne ku nemi a rubuta shi, a kuma dawo muku da sakamako. Kada a miƙa samfur ga baƙon da zai fita da shi waje ba tare da takardar hukuma ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014 kuma Nijar na cikinta, ta tanadi cewa sai da izinin ƙasa ake fitar da irin wannan dukiya, amfanin da aka samu kuma a raba shi da masu ita.

Aikin yi

1. Da bakinka, bayyana yadda za ka bambanta mai ɗoyi da Podaxis, da kuma ƙwan mai ɗoyi da ƙwan Amanita.

2. Wani ya kawo busasshen samfur mai kyau, ya ce ya samo shi "a daji, bara". Me ya rage? Akwai abin da za a iya cetowa?

3. Ku fita ƙofar aji ku ɗauki lambobin wurin da waya biyu dabam-dabam. Ku kwatanta su, ku tattauna dalilin bambancin.

4. Tambayi tsofaffi biyu, mace da namiji, sunayen naman kazan da suka sani da inda suke fitowa. Rubuta amsarsu yadda suka faɗa.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya zaɓi gida ɗaya a taswirar aji, ya je ya duba shi da safe bayan ruwa na farko da za a yi. Ko kun samu ko ba ku samu ba, ku zo da kayenku a rubuce.